Minti Goma Sha Ɗaya da Maitama Ya Yanke

A cikin tasin Maitama aka ƙulla cinikin, ranar wata Asabar da hantsi cikin shekarar 1986, a filin ajiye motoci na wani kantin kayan abincin Afirka da ke Hyattsville. Constance ce ta ƙwanƙwasa gilashi, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna da farar rigarta ta nas, ko gida ba ta je ba daga asibiti. Ta gaishe shi yadda ake gaida babba, ta tambayi gwiwarsa da ke damunsa in sanyi ya shigo, sannan ta ciro kaset biyu na bidiyo daga jaka ta ɗora masa a cinya.

"Kawu, so nake ka yanke mini ƙarshen fim ɗin nan."

Maitama ya juya kaset ɗin. Rubutun jikinsa Turkanci ne, ga hoton wani mai gashin baki rungume da doguwar bindiga. Ya tambaye ta wa ya gaya mata yana irin wannan aiki. Ta ce Baba ne, tun suna yara yake ba su labarinsa.

Gaskiyarta kuwa. Kafin wani babban ma'aikaci ya taho da shi Amurka yana tuƙa shi, maigidan ya koma shi ya maƙale, Maitama ya yi shekara goma sha tara yana harba fim a wata silima a Kaduna. 'Yan kallon wancan zamani ba su da haƙuri. In jarumi ya mutu a ƙarshe, sai a karya benci, a yi ta jifan allo da kwalabe. Don haka duk fim ɗin da ya iso, Maitama kan kalle shi shi kaɗai da rana, in ya ga ƙarshen zai ja asara sai ya sa reza ya datse, ya liƙa waƙa a wurin. Shekara goma sha tara mutanen unguwar nan ba su san jarumi na mutuwa ba. Cikin masu kallon har da Baba Katung, mahaifin Constance, masinjan kotu, wanda ba ya fashin silima duk ƙarshen wata. A nan suka saba, sai ga shi tsufa ya sake haɗa su a Maryland.

Maitama ya ce mata kaset ba faifan silima ba ne, kuma na mutane ne, ba a sa masa reza. Sai da injin bidiyo biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na ɗauka, shi kuwa guda gare shi. Ta ce mijinta Martins ya sayo sabo, tsohon na nan ajiye a kabad. Ya ɗauka ya yi aikin, in Baba ya kalla bai gane ba, injin ya zama nasa.

To, Maitama ya daɗe yana son inji na biyu. Da shi zai riƙa kwafar finafinan Indiya da na bukukuwa yana bai wa 'yan gida haya, gwiwar nan ta huta da birki. Ya ce ya yarda. Sai da ya yarda ɗin sannan ya tambayi dalili, wanda da shi ya kamata ya fara.

Dalilin shi ne Gregory, ƙanen Constance, ɗa namiji tilo na Baba Katung. Shekara huɗu ke nan da yaran wani ɗan kwangila, wanda ake wa laƙabi da Mai Tifa, suka yi masa duka a gonar citta saboda ya hana su ɗibar yashi a bakin rafinsu. Kwana biyu ya yi ya cika. Baba Katung ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ya san kowace ƙofa a kotu, ya ɗauka saninsa zai yi masa rana. Aka ɗage shari'a sau goma sha uku. Shaidu suka manta abin da suka gani, fayil ya ɓace, aka sallami mutane. Bayan nan ƙodar Baba ta tsaya. Constance ta ɗauko shi zuwa gidanta a Greenbelt, ana sa shi a injin wankin jini Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu-huɗu. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, in ya bar injin nan ba zai wuce mako biyu ba. A garinsu kuwa babu irinsa ko a mafarki.

Tsohon ya daina magana, ya daina cin abinci, sai kallon bango. Ana nan sai maƙwabcin kujerarsa a wurin wankin, wani tsohon tela Baturke mai suna Rasim da ke da shago a Takoma Park, ya ara masa fim ɗin ƙasarsu. Labarin wani makiyayi ne da yaran mai ƙasa suka kashe masa ɗa a kan ruwan ƙorama, alƙali ya sallame su. Kaset na farko ya ƙare ne makiyayin na tono bindigar ubansa daga ƙarƙashin daɓen ɗaki. Baba Katung ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turkanci, amma ya kalli kaset ɗin sau goma sha huɗu. Ya raɗa wa makiyayin suna Mutumina, mai ƙasar kuwa Mai Tifa yake ce masa. Ya dawo cin tuwo. Kullum sai ya tambayi kaset na biyu, Constance na ce masa yana hannun wani, alhali ta riga ta kalla a ɓoye.

"Kalla da kanka, Kawu. In ya ga wannan, ba zai ƙara sa komai a bakinsa ba."

Ranar Lahadi bayan azahar Maitama ya haɗa injinan a ɗakinsa, ya zauna a ƙasa da kofin shayi. Ya ga makiyayin ya shiga gidan mai ƙasa ranar da ake shagali, ya ɗaga bindiga ya harba, mutumin ya faɗi a kan tebur, kofuna suka tarwatse. Makiyayin ya fita ba gudu, ya hau tudu, rana na bayansa. Maitama ya ce a ransa ai a nan mai hankali zai tsaya. Amma Turkawa ba su tsaya ba. Suka ƙara minti goma sha ɗaya. Ashe harsashin kafaɗa ya sama. 'Yan doka suka zo suka ƙone gidan makiyayin, suka kori 'yarsa da ƙunshin kaya a ka, shi kuma aka rataye shi a dandalin gari. Hoton ƙarshe mai ƙasa ne zaune da hannu a ɗaure, yana juya sukari a ɗan kofin shayi.

Maitama ya ajiye nasa kofin. Sai kuma hannunsa ya tuna sana'a. Ya tsayar da ɗauka daidai inda makiyayin ya kai ƙolin tudu. Ya ga wurin ya yi tsirara, mai kallo zai ce ina gida. Ya koma kaset na farko ya nemo wani ɗan wuri inda 'yar makiyayin ta buɗe ƙofa tana dariya, ya jona shi a bayan tudun, kamar ubanta ta gani ya dawo. Ya biyo da waƙa da jerin sunaye. Sau bakwai yana sakewa kafin mahaɗar ta kwanta. Da ya kalla daga farko, shi kansa sai da ya ji daɗi a ƙirjinsa. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, ko a Kaduna.

Asabar ta gaba da la'asar aka taru a falon Constance. Ta yi tuwon semo da miyar kuka ba gishiri, saboda majinyaci. Baba Katung na kan kujera da bargo a ƙafa, ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Da ya ga Maitama ya ce a ba Ofareta wuri, sunan da yake kiransa tun yana harba fim, amma a fara laluba aljihunsa ko ya zo da reza. Maitama ya dake ya ce reza ta yi ritaya tun kafin Masinja ya yi, kuma ita an ba ta fanshonta. Tsohon ya yi dariya har da tari.

Aka sa kaset. Da bindiga ta tashi, Baba Katung ya miƙe zaune, bargon ya zame. Da yarinyar ta buɗe ƙofa, ya ɗan karkata kai ya matso da fuska. Sunaye suka hau, suka ƙare, allo ya koma shuɗi, yana nan yana kallo. Can ya ce a mayar masa daga inda Mutumina ya shiga gidan. Aka mayar sau uku. Ran nan malmala biyu ya ci. Constance ta rako Maitama har bakin mota tana share ido, ta ce inji ya zama nasa, Allah ya saka.

Kwana goma Maitama ya yi yana jin kansa likita. Har ya kwafi finafinan Indiya shida, ya rubuta sunayensu da jan biro. Ranar Laraba yana layin tasi a bakin wani otal, aka kira shi ta rediyon mota cewa wata mata na nemansa a waya. Constance ce. Ta ce Baba ya nemi fasfonsa. Ya ce gida za shi, yana da sauran aiki da Mai Tifa, kuma yau ya ƙi shiga motar zuwa wankin jini.

Maitama ya bar layi, ya biya ta ɗakinsa ya ɗauki kaset ɗin Rasim na asali, ya hau babbar hanyar Beltway. Ya tarar da tsohon ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, akwati a gefen ƙafa. Maitama bai yi kwana-kwana ba. Ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ya faɗi duk abin da ya yi, har da injin da aka ba shi. Ya sa kaset ya nuna masa minti goma sha ɗayan, wutar da igiyar da kofin shayin.

Baba Katung ya kalla har ƙarshe yana gyaɗa kai, irin na mai duba aikin gwani. Sannan ya juya ga 'yarsa ya tambaye ta nawa ta biya aka ƙara wannan. Ya ce ya san hannun Ofareta tun Kaduna, mutumin da ke iya ta da matacce ai rataye rayayye ba zai gagare shi ba. Maitama ya rantse da Allah. Tsohon ya tuna masa cewa haka ya rantse masa a shekarar da aka yi ƙidaya, cewa jarumin wani fim bai mutu ba, sai da ya je Jos ya ga an binne shi.

Maitama ya tuna, ya yi rantsuwar kuwa.

Kashegari ya je Takoma Park ya ɗauko Rasim daga kan keken ɗinki, da zare a wuyan riga. Baturken ya zauna gaban Baba Katung, da guntun Turancinsa da hannuwa, ya kwatanta igiya a wuya, ya nuna kaset ɗin asali ya buga ƙirji. Baba Katung ya riƙe hannunsa ya yi masa godiya da Turancin kotu. Da suka juya Hausa sai ya ce wa Maitama, bawan Allah ba ya son a bar shi shi kaɗai a kan inji ne, in shi ne ma haka zai ce.

Aka kawo fasto. Aka kawo Martins da lissafinsa na injiniya, cewa tsoho mai shekara saba'in da ɗaya da ba ya iya hawa bene ba zai iya da masu gadi huɗu ba. Constance ta ɓoye fasfo a kabad ɗinta na asibiti. Tsohon bai yi faɗa da kowa ba, kawai dai ya ƙi shiga mota. Juma'a ta wuce. Ranar Lahadi ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa na fita da ƙara. Likita ya ce mutum ne mai hankalinsa, doka ba ta yarda a ɗaure shi a kan inji ba. Constance ta ga in ta riƙe fasfo, a falonta zai mutu, in ta bayar, a can zai mutu. Ta roƙe shi ya yarda a wanke shi sau uku, ya samu ƙarfin jirgi, ita za ta raka shi. Ya ce wannan magana ce.

Maitama ne ya kai su filin jirgi na Dulles, da rana tsaka, bai kunna mita ba. Shi da ya saba in labari ya karkace ya tsayar da inji ya gyara, yau ga shi riƙe da sitiyari yana kai mutum inda ya san ba dawowa, kuma ko rage gudu bai isa ya yi ba, don kada jirgi ya tashi.

Constance ta tafi layin awon kaya, ta bar su a benci. Baba Katung ya dafa sandarsa da hannu biyu, yana kallon masu wucewa.

"Ofareta, yarinyar nan da ta buɗe ƙofa."

"Na'am."

"Akwai kafaɗar mutum a gefen hagu, da riga mai ratsi. Rigar yayanta ce, wanda aka kashe. Shi ta buɗe wa ƙofa a kaset na farko. Sau goma sha huɗu na kalla, ka manta?"

Maitama ya tambaye shi tun yaushe ya gane. Ya ce tun ranar, tun kafin sunaye su hau.

"To don me, Masinja? Ka san rataye shi aka yi."

"Shekara talatin da ɗaya ina kotu, kai za ka gaya mini ana rataye talaka? Ƙarshen nasu na sani tun ban gani ba. Naka ne ban taɓa gani ba. Shekara huɗu ko a cikin kaina na kasa ganin mutumin nan ya faɗi. Kai ka nuna mini."

Maitama ya ce ai ƙarya ce ya nuna masa. Tsohon ya ce ya sani, amma ta zauna da kyau, mahaɗar ko rawa ba ta yi. Ya roƙe shi abu biyu. Kada ya gaya wa Constance cewa ya gane, gara ta ɗauka ruɗewar tsufa ce da ta san da idonsa biyu ya zaɓi kabarin Gregory a kan falonta. Na biyu, kaset ɗin da aka gyara yana cikin akwatinsa, kada a neme shi. Maitama ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ga Constance da tikiti da mai tura keken marasa lafiya. Suka yi musabaha. Hannun tsohon ba nauyi, kamar an cire abin ciki.

Bayan mako biyar ta dawo ita kaɗai. A filin ajiye motocin nan na Hyattsville ta same shi, ta shiga gaba ta zauna kamar ranar farko, ta ba shi labari tana kallon gilashi. Baba bai nemi bindiga ba, ko wuƙa bai taɓa ba. Kwana biyu da isarsu ya sa aka kai shi kabarin Gregory. Kashegari ya sa kwat ɗinsa, ya sa aka ɗauki kujera aka ajiye masa a ƙofar gidan Mai Tifa, ya zauna yana fuskantar get. Kwana uku yana zuwa, daga safe har rana ta yi sanyi. Mutanen gari suka riƙa tsayawa daga nesa suna kallo, ba wanda ya matso. Maigadi ne ma ya kawo masa ruwa a kofin roba. A rana ta uku aka gaya musu maigidan na Landan tun watan jiya, ya je a duba masa ido. A rana ta huɗu ƙafa ta ƙi ɗaukar Baba. Ya cika a kwana na goma sha biyu, aka sa shi kusa da ɗansa. Kaset ɗin kuwa ba a samu inda za a kalla ba, don babu mai bidiyo a duk layin, yana nan cikin akwati.

Ta ce abin da ke cinta shi ne har ya tafi bai san gaskiya ba, ita ce ta ruɗa shi da hannunta. Maitama ya riƙe sitiyari. Kalma ɗaya za ta sauke mata wannan, ta ɗora mata wanda ya fi shi nauyi. Ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ce zai dawo mata da injin. Ta ce kada ya soma, ba ta son ganin injin a gidanta, ciniki ai ya faɗa, Baba ya kalla bai gane ba.

In aka zo rabon riba da asara, ga yadda ta kaya. Mai Tifa ya dawo da idonsa garau, an ce da aka ba shi labari sai da aka tuna masa wane ne Gregory. Shi bai yi asarar komai ba. Rasim ya karɓi kaset ɗinsa biyu lafiya lau, ya rasa maƙwabcin kujera, aka sa masa wani da ba ya magana. Baba Katung ya ba da shekarun da inji zai ƙara masa, ya karɓi kwana uku a ƙofar gidan da ba kowa, shi kaɗai ya san ko cinikin ya yi masa. Constance ta rasa uba, ta kuma ɗauki laifin da ba nata ba. Maitama shi ne ya ci riba, don inji na nan a ɗakinsa yana aiki, duk Asabar 'yan gida na layin finafinan Indiya. Sai dai in mai haya ya tambaye shi ko jarumin ya rayu a ƙarshe, yakan miƙa kaset ya ce bai kalla ba.